Ranar da Dela Ta Kaɗa Takenta

Akwai wata waƙa da 'yan mata ke yi a dandali a garuruwan bakin Kwara, daga Lolo har wajajen Kaoje, mai amshi "ku zo ku gani, gani ya kori ji." Suna tafi suna juyi, wasu ma sun ɗauka waƙar amarya ce. Ni kuwa da na ji ta sai raina ya ɓaci. Na taɓa korar wasu daga ƙofar gidana saboda ita, aka yi ta cewa tsufa ya fara taɓa Jummai. Su dai suka sani. Waƙar kakata ce, Dela, mahaifiyar babana, kuma ba don rawa ta yi ta ba.

Dela 'yar Sarkawa ce, masunta. An haife ta a wata tunga kusa da Lolo, inda in ka tsaya a gaɓa kana hango hayaƙin girkin mutanen Dahome, ƙasar da yanzu ake kira Benin. Tun tana budurwa ta yi suna wajen kiɗan ƙwarya a gidan biki, ga ta da baki, ba a faɗa mata ta kwana da ita. Ta auri Ma'azu, masunci mai sanyin hali, ta haifi ɗanta na fari, Lauwali, wanda shi ne babana. Tana cikin goyonsa wani jan tabo ya fito mata a kafaɗa. Aka ce ƙyasfi ne, aka shafa abin shafawa aka manta. Sai ranar da take bandar kifi garwashi ya faɗo mata a dantse, ba ta ji zafi ba, ƙaurin fatarta ne ya sa ta duba. Surukarta na tsaye tana kallo. Ba wanda ya ambaci kuturta da sunanta a gidan, amma daga ranar aka ware mata ƙwarya da tabarma. Sun yi mata adalci guda, suka bari ta yaye yaron.

A tsakiyar Kwara akwai wani gungu, wato tsibiri, mai giginyoyi. Mazaunansa na ce masa Gungun Giginya, mutanen gaɓa kuwa Gungun Kutare suke cewa, da ƙaramar murya. Can ake kai masu ciwon daga ƙauyukan gefe biyu, na Ingilishi da na Faransa, don cuta ba ta san kan iyaka ba. Can Ma'azu ya tuƙa matarsa wata safiya, yaron yana barci ba a tashe shi ba.

Mutanen gungun suna da wata al'ada wadda ban taɓa jin irinta a ko'ina ba. Ba mai sayar musu da ƙyalle, ba mai zuwa gaishe su, to in mutum ya mutu wa zai gaya wa danginsa su kawo likkafani? Sai suka samo dabara. Duk wanda aka kawo, kafin ɗan rakiyarsa ya juya, makaɗin gungu zai kifa masaki, wato ƙatuwar ƙwarya, a kan ruwa a bakin gaɓa, ya tsara wa baƙon takensa, kiɗan da ba na kowa ba sai shi, ya yi ta maimaitawa har ɗan rakiya ya haddace. Sautin masaki a kan ruwa yana tafiya nesa, musamman da sassafe kafin iska ta tashi. Ranar da dangi suka ji wannan take, sun san nasu ya cika. Sai mutum ɗaya ya tuƙo jirgi da farin ƙyalle, ya rataye a wani turke da aka kafa cikin ruwa kusa da gungun, ya juya ba tare da ya taka ƙasa ba. Iyakar zumuncin ke nan.

Makaɗin lokacin wani dattijo ne, Abu. Kaka ta ce ya daɗe yana kallonta kafin ya ɗaga ludayi, sannan ya kaɗa wani abu mai sauri da ɗan tsalle a ƙarshe, irin na masu tsiwa. Ma'azu na cikin jirgi kansa a sunkuye, yana bin kiɗan da yatsa a gefen katako. Da Abu ya tabbata ya riƙe, sai ya juyo wurinta.

"Ke ma saurara, ɗiyata," ya ce. "Wanga ji shi na naki na hwarko, shi na na ƙarshe."

Ta ce ko kuka ba ta yi ba. Abin da ya dame ta a lokacin shi ne taken ya yi daɗi, har ƙafarta ta so motsawa.

Shekarun farko na allurar mai ne. Wani malamin asibiti kan zo daga En'e, wato hukumar gargajiya, da kwalabe, ya ɗumama man a ruwan zafi saboda kaurinsa, ya bi kowane tabo yana tsira allura gefe da gefe har wurin ya kumbura. Inda fata ta mutu ba a ji, inda take da rai kuwa manyan maza na cizon tsumma. Wasu wuraren su yi ruwa su fashe. Wani tabonsa ya dushe, a yi ta murna, damina ta zagayo ya dawo da 'yan'uwansa. Har ta bar duniya Kaka ba ta son warin mai da aka ɗumama, ko man shafawa ne sai a kai shi bayan ɗaki. Amma ba ta taɓa zagin masu allurar ba. Ta ce abin da ke hannunsu ke nan, kuma su kaɗai ne masu lafiya da ke taɓa jikinsu.

A hankali ciwon ya cinye yatsun Abu, ya bi idanunsa. Sai masaki ya dawo hannun Dela, tunda ita ce ta san kiɗa. Ta zauna gabansa ya zuba mata taken kowa da baki, na masu rai duka, ta haddace. Nata yatsun ma ba su tsira ba. Na hagu suka tafi, na dama suka lanƙwashe, har ya zama sai ƙawarta Mairama, wata 'yar ƙabilar Dandawa daga ɓangaren Dahome, ta ɗaure mata ludayin a wuyan hannu da tsumma. A haka ta yi aikin shekara da shekaru. Ita ke tsara wa baƙo takensa yana tsaye yana rawar jiki, ita kuma ke shiga ruwa ta kaɗa shi ranar da ya cika.

Ta ce da ta gama kiɗa sai ta zauna a gindin giginya ta jira, kuma daga tuƙin jirgi take gane irin gidan da mamacin ya fito. Wani jirgin kafin rana ta yi zafi ya iso, mai tuƙin yana sharɓar hawaye. Wani sai la'asar, a jefa ƙyallen daga nesa ya faɗa ruwa. Ta ce akwai safiyoyin da ba a yi mutuwa ba, ba wanda ya taɓa masaki, amma tana daga kwance sai ta ji taken wani da aka daɗe da binnewa yana tasowa daga ruwa. Na ce mata Kaka, kunnenki ne. Ta ce to, kunnenta ne, amma me ya sa Mairama ma ke tashi zaune?

Labarin gida a bakin masunta take samunsa, masu wucewa su ɗaga murya daga nesa. Haka ta ji rasuwar Ma'azu. Haka kuma wani ya gaya mata cewa ɗanta ya zama saurayi, ya iya jifan birgi, ragar kamun kifi, kuma duk lokacin da masaki ya yi ƙara sai ya saki abin da ke hannunsa ya tsaya cak, ba ya motsi sai ya tabbata ba taken uwarsa ba ne. Ubansa ya koya masa tun yana ƙarami, da ƙwanƙwasa gefen jirgi. Wannan magana ita ta riƙe Dela, ita kuma ta hana ta sukuni. Tana da ɗa wanda bai san fuskarta ba, abin da ya sani nata duk duniya shi ne kiɗan mutuwarta. Burinta ɗaya ne, ta ga ranar da yaron nan zai ɗauke ta a jirginsa ya kai ta gida.

Ana saura 'yan shekaru a sami mulkin kai, aka canza malamin asibiti. Sabon, Malam Attahiru, mutumin Bagudo, ya sauko daga jirgi ba kwalba ba allura, sai gwangwani cike da wata farar ƙwaya ƙarama, wadda likitoci ke kira dafson. Ya ce kowa ya haɗiya a gabansa ya buɗe baki ya gani. Mutanen gungu suka raina ta ƙwarai. Wane irin magani ne ba zafi, ba kumburi, ba wari? Kaka ta ce masa a gaban jama'a in En'e ta gaji da su ne gara ta faɗa, ba sai an yi musu wasan yara ba. Shi dai ya yi dariya ya miƙa mata ruwa. Wasu kuma suka riƙa maƙale ƙwayar a ƙarƙashin harshe suna tarawa, su aika wa 'yan'uwansu da ke ɓoye tabo a ƙarƙashin riga, sai da ya gano ya yi ta faɗa.

Ba a dare ɗaya abin ya nuna ba. Sai da aka yi damina aka sake, sannan tabo ya fara komawa kalar jiki, kumburin fuska ya sauka, gyambo ya fara kamewa. Malam yakan sa mutum ya rufe ido, ya shafa masa auduga a baya ya ce nuna inda na taɓa. Yakan tsaga fatar kunne kaɗan ya kai a duba. Yatsu dai ba su dawo ba, hancin da ya faɗa bai tashi ba. Kaka takan ce ƙwaya ta kori ɓarawo amma ba ta maido kayan da ya ɗauka ba. Duk da haka mutuwa ta ragu a gungun, har masaki ya riƙa yin watanni a rataye gizo-gizo na saƙa a ciki.

A ƙarshen daminar 1960 Malam Attahiru ya zo da albishir. Mutum goma sha wani abu sun warke, ba sa ɗauke da komai, ba za su shafa wa kowa ba, har da Dela da Mairama. Ya ce za a sallame su a makon bikin mulkin kai, a yi taro a gungun, kuma ya aika wa masu garuruwa su sanar da dangi kowa ya zo ya ɗauki nasa. Ya roƙi Dela ta tsara waƙa, don a daɗe ana tuna abin da ƙwayar ta yi. Ta ce masa ita makaɗiyar matattu ce, amma za ta gwada.

Ta yi waƙar kuwa, kuma ta yi kyau. Ranar taro aka ɗaura sabuwar tuta mai kore da fari a jikin giginya. Wakilin hakimi ya zo da mutanensa, suka zauna cikin jirginsu a bakin ruwa, ba su sauko ba. Malam Attahiru, Allah ya jiƙansa, ya sa hannu a akushi ɗaya da wani Bunyaminu da aka sallama, ya ci tuwo a gabansu don su gani. Sannan Dela ta kifa ƙwarya a cikin kwatarniya, nesa da gaɓa don kada sautin ya ƙetare ya tsorata mutane, ta ɗaga murya, mata suna amsawa:

Hwarar ƙwaya, ƙanƙanuwa awa wake,
Kin yi aikin da allura tak kasa.
Mai ya ƙone mu, ke kin wanke mu,
Gungu ya yi baƙuwar arziki.
Wa za ya gaya ma mutanen gaɓa?
Ku zo ku gani, gani ya kori ji.

Ta bi tarihin duka a cikin waƙar, daga sassaƙe da turaren bokaye zuwa allurar mai, ta ambaci waɗanda ƙwayar ba ta riska ba, ta yi musu addu'a. Wakilin hakimi ya gyaɗa kai, ya ce madalla. Amma duk tsawon waƙar idonta na kan ruwa, haka ma idon sauran. Kowa ya ɗaure 'yan komatsansa tun asuba. Rana ta yi tsaka, ta karkata, jirgin manya ya tafi, ba jirgin dangi ko ɗaya.

Aka ce wataƙila saƙo ne bai isa ba. Malam ya sake aikawa, shiru. Ba kuma mai fito da zai ɗauki mutumin gungu, don ba wanda zai sake shiga jirginsa. Da haƙuri ya ƙare, Malam ya ɗauki Bunyaminu a nasa jirgin ya kai shi garinsu da takardar sallama a hannu. Mutanen garin suka saurari takardar da ladabi, suka kafa masa bukka a bayan gari kusa da juji, suna tura masa abinci da sanda. Bai yi mako ba ya roƙi Malam ya maido shi. Ya ce a gungu aƙalla ana zama kusa da shi.

Ina jin haushin mutanenmu a kan wannan har gobe, ko da yake na san tsoro ne. Sun saba abu ɗaya ke fitowa daga gungun nan, labarin mutuwa. Shi suka yarda da shi, shi kaɗai ke sa su ɗauki filafilin tuƙa jirgi.

Dela ma ta gane haka. Ta je ta sami Abu a bukkarsa, lokacin ya makance sarai, sai dai a ba shi abinci a baki. Ta gaya masa za ta kaɗa takenta. Tsohon ya ce mata ta ji tsoron Allah, mai rai ba ya kiran likkafaninsa. Ta ce ba likkafani take kira ba, ɗanta take kira, kuma ba ta da wata murya da zai ji sai wannan.

"Dela," ya ce, "masakin ga bai taɓa ƙarya ba. Shi ɗai na abinmu da mutanen gaɓa ka gaskatawa. In kinka ɓata shi, mu da munka rage hwa?"

Gaskiyarsa ce kuwa. Zan faɗa tun yanzu don kada a ce na ɓoye laifin kakata. Bayan abin da ta yi, labari ya bazu a gaɓa cewa kutare sun koyi yaudara da kiɗa. Da Abu ya rasu ba da daɗewa ba, Mairama ta kaɗa takensa har hannunta ya gaji, danginsa suka ɗauka dabara ce ta a zo a ɗauke shi, ba wanda ya kawo ƙyalle. A tsohon zane aka binne shi. Wannan abu ya bi Kaka har kabarinta, in ta tuna sai ta bar cin abinci.

Amma a lokacin ba ta ga komai ba sai ɗanta. Ta roƙi Mairama ta kaɗa mata, tunda duk gaɓa an san hannun Dela, kuma matacce ba ya kaɗa wa kansa. Mairama ta ce ko za a yanka ta ba za ta yi ba. Iyakar abin da ta yarda shi ne ta ɗaure mata ludayin, tana ɗaurewa tana kuka. Da gari ya waye, ruwa ya kwanta, Dela ta sauke masaki ta share shi, ta shiga ruwa har gwiwa ta kifa shi. Ta kaɗa da gangan a karkace, tana tuntuɓe, don a ɗauka sabon hannu ne.

Ta ce tana jin tsallen nan na ƙarshe ya fita daga masakin ya bi ruwa, sai jikinta ya yi sanyi tun daga ƙafa. Ba wanda ya taɓa jin takensa sau biyu a gungun nan. Ta ce ta ji kamar duk waɗanda ta kaɗa wa sun taru a bayanta suna jira ta juyo, ta ƙi juyawa. Da ta juya daga baya, masu rai ne. Mutanen gungu sun fito da salati, sun ɗauka ta cika, suka same ta tsaye cikin ruwa da ludayi a hannu. Ɗaya bayan ɗaya suka koma, wasu suna kauce mata da ido.

A can gida, babana na gyaran komar kamun kifi a gaɓa sa'ad da ya ji. Mahaifiyata ce ta ba ni wannan ɓangaren, lokacin tana amarya. Ta ce ya shigo gida fuskarsa ba jini, ya faɗa wa kawunnansa, mata suka fasa kuka, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane suka fara zuwa gaisuwa. Shi kuma ya shiga ɗakin marigayi ubansa, ya sauko da wata tukunya daga inda take rataye, ya ciro ƙunshi ya sa a hammata, ya nufi jirgi.

Dela ba ta koma gindin giginya ba. Ta je ta tsaya a jikin turken da ake rataye ƙyalle, don ta san in ta bari ya rataya ya juya, shi ke nan. Hantsi ya ɗaga ta hango jirgi ya taso daga wajen Lolo. Ta ce tun daga nesa ta gane shi, don tuƙinsa na ubansa ne, yana ɗan karkata kafaɗa. Kuma yana sauri. Ta yi shekaru tana auna gidaje da saurin jirgi, ga nata ya zo tun rana ba ta yi zafi ba. Ta ce daɗin da ta ji a lokacin har kunya ya ba ta.

Ya iso ya ga wata tsohuwa tsaye a jikin turke, ba yatsu, da ludayi ɗaure a hannu. Ya tsai da jirgi nesa kaɗan, ya gaishe ta da ladabi, idonsa jajir. Ya roƙe ta ta ɗan gusa ya rataya ƙyalle. Ta tambaye shi na wane ne. Ya ce na mahaifiyarsa ne, Dela, ya kuma tambaya ko ta sha wahala kafin ta cika. Ta ce ya ɗaga ƙyallen ta gani. Ya warware ƙunshin. Ƙyallen ya daina zama fari, duk inda aka ninke ya yi ja, gefe ɗaya asu ya taɓa.

"Yaushe anka saye shi?" ta ce.

"Baba yas saye shi, shekarar da yak kawo ta."

Ashe tun tana da yatsunta goma, tun nononta bai bushe ba, likkafaninta na rataye a ɗaki yana jira. Ta dafa turken da dantse.

"Lauwali, ni ad Dela. Ban mutu ba. Ni nik kaɗa."

Ya dubi fuskarta, ya dubi hannuwan, ya dubi ludayin. Ta yi ta zuba, ita da ba ta saba roƙo ba. Ta gaya masa ta warke, an duba kunnenta an ga ba komai, Malam ya ci tuwo da su, ta yi waƙa ta kira su ba su zo ba. Ta ce ta san abin da ta yi ba shi da kyau. Ruwa na jan jirgin, shi kuma yana maido shi da filafili, bai matso ba, bai kuma tafi ba. Mutanen gungu sun sake fitowa sun tsaya can baya cikin giginyoyi.

Can sai Lauwali ya ce: "An taru gida. Mata na kuka, an aza tukunyar sadaka. Mi za ni ce musu?"

"Ka ce musu ka ishe ni tsaye."

Ruwa ya juya hancin jirgin ya fuskanci gida, Lauwali ya bar shi a haka. Ta ce ta ga bayansa, ta ga ƙeyarsa irin ta Ma'azu, ta sallama. Har ta fara tunanin yadda za ta koma ta wuce ta gaban bukkar Abu. Sai ta ga ya ajiye filafili, ya miƙe tsaye, ya warware likkafanin gaba ɗaya, ya shimfiɗa shi a cikin jirgin tun daga tsakiya har gaba, ya bi gefe da gefe yana gyarawa don kada katako ya fito. Sannan ya juyo da jirgin ya kawo shi jikin turke. Bai miƙa mata hannu ba. Ya dai danne gefen da ƙafarsa don kada ya kife, ta kama da gwiwar hannu ta hau, ta zauna a kan ƙyallen. Ko komatsanta ba ta koma ɗauka ba. Haka suka ƙetare Kwara, ita a zaune kan likkafaninta, har suka iso gaɓar da ake zaman makokinta.

Ta rayu shekaru masu yawa a gidanmu. Babana ya gina mata ɗaki a cikin gida, ba a bayan gari ba, ya yi faɗa da kawunnansa a kan haka har suka daina gaisawa. Bai taɓa cin abinci bai aika mata ba. Amma ni da na tashi a gidan ban taɓa ganin hannunsa ya taɓa nata ba. Ita kuma ba ta sake kiɗa ba, ko a bikin aurena da aka yi ta roƙonta.

Wata rana ina tsefe mata kai, na riga na yi 'ya'ya lokacin, na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina. Na ce Kaka, shimfiɗar nan da Baba ya yi miki a jirgi, girmamawa ce, ko don kada jikinki ya taɓa katakonsa ne? Na ɗauka za ta zage ni kamar yadda ta saba. Ta daɗe tana kallon hannuwanta a kan cinya.

"Ban tambaye shi ba, Jummai," ta ce. "Tsoro nikai ya ba ni amsa."